Ƙauyen hutu na iyali: abin da ake biya da abin da ake samu

Ƙauyen hutu wani killataccen wuri ne da kamfani ɗaya ke ginawa, yawanci a cikin daji ko a bakin teku, ya zuba ƙananan gidaje ɗaruruwa a ciki, ya haɗa da wurin ninkaya da gidajen abinci da kanti da filayen wasa, sai iyali su kama gida ɗaya na kwana uku ko huɗu ko sati guda su tare abinsu. Sunan ne kawai ƙauye, babu wanda aka haifa a ciki, kowa baƙo ne kuma kowa da ranar tafiyarsa. Abin ya fi ƙarfi a Turai, musamman Ingila da Holan da Faransa da Beljiyam da Jamus, kuma duk shekara idan hutun makaranta ya matso sai gardama ɗaya ta dawo tsakanin iyaye, wai shin kuɗin da ake zubawa a irin wuraren nan kwalliya na biyan kuɗin sabulu kuwa, ko dai asara ce aka yi wa ado.

Yanda abin ya faro

Tushensa hutun ma'aikata ne. Kafin shekarun 1930 yawanci ɗan ƙwadago a Turai in ya huta to albashinsa ma ya huta, sai a 1936 Faransa ta kafa dokar hutun sati biyu da albashi, Birtaniya kuma a 1938 ta yi tata dokar da ta buɗe ƙofar hutun sati guda ga wasu rukunin ma'aikata. Kwatsam ga mutane masu yawa da lokaci a hannu da 'yan kuɗi kaɗan, amma ba su da inda za su je da yara.

Billy Butlin na cikin waɗanda suka fara ganin kasuwa a nan. A 1936 ya buɗe sansaninsa na farko a Skegness, gabar tekun gabashin Ingila, ya ƙara na biyu a Clacton a 1938, tallansa kuma shine hutun sati guda a kan albashin sati guda. A cikin kuɗin akwai wurin kwana, akwai abinci sau uku, akwai wasanni da nishaɗi, ga ma'aikata masu jajayen kwat da aikinsu kawai su hana baƙi zaman shiru, da safe lasifika ce ke tashin kowa, har gasar wanda gwiwarsa ta fi ta kowa muni ake yi mutane na tafi suna dariya. Lokacin yaƙin duniya na biyu sojoji suka karɓi sansanonin, bayan yaƙi aka dawo da su ga masu hutu, Fred Pontin ma ya shigo harkar a 1946 da nasa sansanin a Brean Sands. Abin da ya karya kasuwarsu daga baya shine jirgin sama mai araha, tunda a shekarun 1960 da 1970 ma'aikacin Ingila ya gano zai iya kai iyalinsa Sifen inda rana ba ta yi masa rowa. Yau wurare uku suka rage wa Butlin's, Skegness da Minehead da Bognor Regis, Pontins kuma ta rufe wasu daga cikin nata a ƙarshen 2023 da farkon 2024.

A ɗaya ɓangaren akwai Club Med, wanda wani ɗan Beljiyam mai suna Gérard Blitz ya fara a 1950 da tantuna a Alcúdia, tsibirin Mayorka na Sifen, shi kuma tsarinsa ka biya sau ɗaya ka manta da aljihu. A farkon zamaninsa ko a wurin shan lemo ba a fito da kuɗi, wata sarƙar duwatsu ake ratayawa a wuya ana cire ɗai-ɗai ana biya. Daga tanti ya koma wurin masu hali, tun 2015 kuma yana hannun kamfanin Fosun na Sin. Faransa tana da wani nau'in daban da ba don riba aka kafa shi ba, irin su VVF, wato ƙauyukan hutun iyali, da suka fara a ƙarshen shekarun 1950 don iyalai masu ƙaramin ƙarfi.

Amma sunan da ya fi yawo a bakin mutane idan ana wannan gardama shine Center Parcs. Wani ɗan kasuwan Holan mai sayar da kayan wasanni, Piet Derksen, shi ya fara a 1968 a wani daji kusa da Reuver a lardin Limburg, da tantuna shi ma, sannan aka koma ƙananan gidaje. Dabarar da ta ɗaga shi ita ce wurin ninkaya mai rufi da ɗumi, na farkon a ƙauyen De Eemhof a 1980, wanda ya sa ƙauyen ya daina jiran bazara, ko ƙanƙara na zuba a waje yara na cikin ruwa. Ya shiga Ingila a 1987 a dajin Sherwood, sai Elveden a 1989, Longleat a 1994, Whinfell, Woburn a 2014, sai Longford a Ayilan a 2019. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shine kamfani biyu ne ke amfani da sunan, na Birtaniya da Ayilan yana hannun Brookfield na Kanada tun 2015, na sauran Turai kuma na rukunin Pierre & Vacances ne na Faransa, kowanne da farashinsa.

Me kuɗin ya ƙunsa

Nan ne ake yawan samun saɓani, don tsari biyu ne kuma ba ɗaya suke ba ko kaɗan. A tsarin Club Med abinci da yawancin wasanni suna cikin kuɗin da ka biya tun farko, lambar tana da girma amma kusan ita ce ƙarshe. A tsarin Center Parcs kuwa abin da ka biya na gida ne da shiga wurin ninkaya da yawo a daji da filayen wasan yara na fili, kusan duk sauran abubuwan da kuɗinsu daban. Hayar keke da kuɗinta, harbin kwari da baka da kuɗinsa, hawa itace da igiya, tuƙa kwale-kwale, shafa fenti a jikin kofi ko faranti, wurin tausa na manya, kowanne sai ka shiga manhaja ka kama lokaci ka biya, kuma yawanci kai-kai ake biya ba iyali-iyali ba. Butlin's yana tsakiya, wasannin dandali da lilon yara suna ciki, abinci kuma ka zaɓa ko ka haɗa shi ko ka dafa naka.

To mai yara uku da ya ga farashin gida ya ce ai da sauƙi, bai yi lissafin cewa babban yaron zai ga wasu na shawagi a kan igiya tsakanin itatuwa ya ce shi ma sai ya hau ba, kuma in ya hau ƙaninsa ba zai yarda a bar shi a ƙasa ba, ƙaramar kuma ta ga ana yi wa yara zane a fuska. Ba wanda ya tilasta maka, gaskiya ne, amma duk wanda ya taɓa cewa yaro a'a sau biyar kafin azahar ya san a na shida yawanci kati ke fita. Wannan kuma ba kuskure ba ne a tsarin, shine tsarin kansa, an killace ka a wuri mai kyau, motarka na can nesa, kantin da ke kusa ɗaya ne, gidajen abincin ma duk na cikin gida ne, babu wani maƙwabci da zai karya musu farashi.

Ranar shiga tana nuna abin da kyau. A ƙauyukan Center Parcs na Birtaniya zangon biyu ne, Litinin zuwa Juma'a ko Juma'a zuwa Litinin, sai ka ga motoci sun yi layi a bakin ƙofa, bayan kowacce cike da kekuna da jakunkuna da kwalin madara da taliya da aka sayo a babban kanti a hanya, waɗannan su ne tsofaffin hannu, sun san kan abin. Ana buɗe gidajen da yamma, a sauke kaya a ƙofa, sannan dole a mayar da mota wurin ajiya a bar ta can har ranar tafiya. Daga nan titunan sun zama na masu keke da masu tafiya a ƙasa, agwagi na zuwa har bakin ƙofar gilashi suna leƙen abinci, kurege na bi ta baranda. Ranar fita kuma da hantsi ake barin gidan, ko da yake ana barin mutum ya ci gaba da shiga ruwa har yamma, wanda ya san wannan yakan ci kusan kwana guda kyauta a ƙarshe.

Ina darajar take

A ganina abin da ake saya a ƙauyen hutu kwanciyar hankali ce, ba gida ba, don gidan kansa in aka cire shi aka ajiye a wani wuri ba zai kai wannan kuɗin ba, ɗakuna ne da falo da ɗan kicin. Abu na farko da ke da daraja ta gaske shine rashin mota, uwa ta saki ɗan shekara biyar ya tuƙa kekensa a gabanta ba tare da zuciyarta na dukan uku-uku ba, wannan kam ba ko'ina ake samunsa ba. Na biyu ruwan ɗumin nan, a ƙauyukan Center Parcs na Birtaniya ana riƙe ɗumin wurin a digiri 29.5 duk shekara, akwai igiyar ruwa ta inji da bututun zamiya da ɓangaren jarirai, kuma a ƙasar da ruwan sama zai iya cinye hutun sati guda cur wannan kamar inshora ce. Iyalin da yaransu za su shiga ruwa safe da yamma kullum sun ci kuɗinsu, don in da a waje ne za su sayi tikitin irin wannan wuri kowace rana lissafin zai yi tsawo. Iyalin da yaransu ke tsoron ruwa, ko suka shiga sau ɗaya suka ce sun gaji, sun biya kuɗin abin da ba su taɓa ba.

Shekarun yara ma suna canja amsar sosai. Masu jarirai da 'yan ƙasa da shekarun makaranta su ne suka fi kowa morewa, yaran ba sa neman wasanni masu tsada, agwagwa da yashi da ruwa sun ishe su, ga gadon jariri da kujerarsa a shirye, sannan uwa uba suna iya zuwa a tsakiyar sati lokacin da makarantu ke buɗe, lokacin da farashi ke ƙasa. Masu matasa kuma nasu ya fi zafi, matashi ba zai zauna kallon kurege ba, duk abin da zai burge shi na biya ne. Wanda kuma burinsa ya ga gari, ya ga yanda mutanen wata ƙasa ke rayuwa, wannan ba wurinsa ba ne sam, kana iya kwana huɗu a Holan ba ka ga Holan ba.

Yawan kai ma yana da tasiri tunda gida ake biya. Gida mai ɗaki uku mutum shida yake ɗauka, mai ɗaki huɗu takwas, in iyalai biyu suka haɗu ko aka tafi da kakanni aka raba kuɗin aka yi girki tare sai nauyin ya ragu sosai, mutum uku a gida ɗaya kuwa su ke jin jiki.

Maganar lokaci

Farashin ba ya tsayawa wuri ɗaya, irin na tikitin jirgi ne, yana hawa yana sauka da yawan masu nema. Gida ɗaya, daji ɗaya, ruwa ɗaya, amma kuɗin satin da makarantu ke hutu yakan ninka na satin da ya gabace shi, wani lokacin ma ya wuce ninki. Iyaye na ganin cuta ce, kamfanonin kuma hujjarsu a fili take, gidajen Center Parcs na Birtaniya sama da kashi 90 cikin ɗari a cike suke duk shekara, wanda kayansa ke ƙarewa ai ba ya rage kuɗi.

Wannan ne ya haifar da dabaru biyu. Ta farko ita ce cire yara daga makaranta a tafi lokacin araha, abin da a Ingila laifi ne mai tara, tun watan Agustan 2024 fam 80 ne kan kowane uba ko uwa a kan kowane yaro in an biya cikin kwana 21, in an wuce ya zama 160, wato iyaye biyu da yara biyu fam 320 kenan a karon farko. Wasu na duba wannan su duba bambancin farashi su ga tarar ta fi sauƙi, sai dai in aka maimaita cikin shekara uku babu rangwamen, a karo na uku kuma maganar na iya kaiwa kotu, ga darasin da yaro ya rasa wanda shi ba a lissafa shi da fam.

Ta biyu ita ce tsallaka ruwa. Tunda kamfanin Center Parcs na sauran nahiyar Turai daban ne, kuma ranakun hutun makarantun Holan da Beljiyam da Faransa ba kullum suke faɗuwa daidai da na Ingila ba, iyalan Ingila da dama kan loda mota su bi jirgin ruwa daga Dover zuwa Calais ta Faransa ko su bi ramin ƙarƙashin teku su je ƙauyen can, inda sau da yawa gidan ya fi araha a satin da na gida ya yi tsada. Sai dai fa a haɗa da kuɗin tsallakawa da mai da fasfo na kowane yaro da inshorar tafiya, wasu ƙauyukan na nahiyar kuma suna da ɗan harajin baƙi da ake ƙarawa kan kowane kai kowane dare, sannan ga awanni a mota da yaro a baya yana tambaya kowane minti goma ko an kusa.