Wasiƙun John Herschel: ga amsa, don Allah a daina maimaita min tambaya

Wai shi waye ma?

Masanin taurari ne ɗan Ingila, an haife shi 1792 ya rasu 1871. Babansa William shi ya gano duniyar Uranus.

To duba yake yi wa mutane ta wasiƙa?

Haba dai. Ba boka ba ne. Madubin hangen nesa da lissafi, su ne kayan aikinsa.

Wasiƙun nawa ne?

Wanda aka tattara aka yi wa jadawali sun haura 14,000, nasa da wanda aka aiko masa. Kaso mai yawa na wajen Royal Society, ƙungiyar masana kimiyya, a Landan.

Me yake rubutawa a ciki?

Nan ne mutane ke ban haushi, kowa so yake ya ji an gano sabon tauraro a kowane shafi. Yawanci fa hidima ce ta yau da gobe, na gode da littafin da ka aiko, ga gyaran lissafin da ka nema, ba zan samu zuwa taro ba jikina ba daɗi, wane na neman aiki a sa masa baki. Mutum mai 'ya'ya 12, kuma daga 1850 zuwa 1855 shi ke shugabantar gidan buga kuɗin Ingila, me kuke tsammani zai cika masa tebur? Kuma a irin wannan hidimar ilimin yake tafiya. A 1839 ta wasiƙa suka dinga musayar bayani da Fox Talbot, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ɗaukar hoto, kan sinadarin da ke hana hoto gogewa. Gwaggonsa Caroline tana Hanover a Jamus, ita ma masaniyar taurari ce, suna rubuta wa juna har ta rasu a 1848.

Na samu wasiƙa babu shekara, ko kwanan watan ciki ya saɓa da na sama. Ya zan yi?

Yawwa, wannan ita ce tambaya, kuma babu amsa guda, sai dai a haɗa alamu. Fara da inda aka rubuta ta. In daga Cape ne a Afirka ta Kudu to tsakanin 1834 da 1838 ne, in garin Slough ne a Ingila galibi kafin 1840, in ka ga Collingwood to daga 1840 zuwa gaba, don sunan gidansa ne a Kent, a shekarar ya koma can. Amma fa mutum na iya rubutu yana kan tafiya, kar ka rantse a kai. In an kira shi Sir John to daga 1831 zuwa gaba ne, don a shekarar aka ba shi wannan laƙabin. Sai ka juya takardar, kafin 1840 ba a cika amfani da ambulan ba saboda kuɗin aikawa ya danganta da yawan falle da nisan gari, sai a ninke takardar a liƙe a rubuta adireshi a bayanta, shi ya sa hatimin gidan waya ke jikinta da kwanan wata. Bayan an koma kwabo ɗaya da kan sarki ambulan ya yawaita, mutane kuma suna yar da shi, hatimin ya tafi ke nan. Wasu takardun in ka ɗaga su a haske za ka ga shekarar da aka yi su, wannan iyakarsa ya ce maka ba a rubuta kafin lokacin ba, takarda na iya shekaru a ajiye.

Saɓanin kwana ɗaya kuwa kar ya tayar maka da hankali, sau da yawa ba kuskure ba ne. Masana taurari a lokacin da tsakar rana suke fara ƙirga ranarsu don kar dare ɗaya ya rabu biyu, sai 1925 aka bar wannan tsarin. In ya ce ya ga abu 5 ga wata awa 15, a agogon gari ƙarfe 3 na dare ne, an shiga 6 ga wata. In kuma daga Rasha ta fito, misali daga Struve, masanin taurari na Pulkovo, kalandarsu na baya da kwana 12 a ƙarni na 19, wani lokaci su rubuta duka biyun wani lokaci ɗaya, dole ka gwada da amsar da aka mayar. In duk ka yi bai fito ba ka rubuta "wajen shekara kaza" ka wuce, ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka ƙirƙiro rana.

Kwana nawa wasiƙa ke yi a hanya?

Ya danganta. Daga Cape zuwa Ingila kusan wata 2 a jirgin ruwa, ka yi tambaya ka jira wata 4 ko fiye. A cikin Turai kwanaki ne. Misali wasiƙar masanin taurari Le Verrier ta bar Paris 18 ga Satumba 1846, ta iske takwaransa Galle a Berlin ran 23, a daren Galle ya ga duniyar Neptune a inda wasiƙar ta ce ya duba.

Da gaske ya ga mutane masu fukafukai a wata?

Ƙarya ce jaridar Sun ta New York ta shirga da sunansa a 1835, yana can Cape bai san ana yi ba. Duk wanda ya sake turo min wannan ba zan amsa ba.