Waiwaye: Wadar zuci da neman arziki a ikilisiyoyin Maraɗi

Ayoyi biyu sun daɗe suna jan igiya a bakin masu wa'azi a Maraɗi. Ɗaya ita ce 1 Timoti 6:6-8, inda Bulus ya ce ibada tare da wadar zuci riba ce babba, in muna da abinci da sutura su ishe mu. Ɗayar kuma 3 Yohanna aya ta 2 ce, inda ake yi wa mai bi fatan lafiya da wadata a kowane abu. Mai sauraro yakan fita majami'a bai san wadda zai riƙe ba.

Kalmar da muke fassarawa da wadar zuci tsohuwa ce a wurin masanan Girka, kuma ma'anarta a gare su mutum ya ishi kansa, kada ya bukaci kowa. Bulus ya ɗauke ta ya juya ta. A Filibiyawa 4:11-13, yana tsare, wajen shekara ta 60 zuwa 62, ya ce ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da yalwa da rashi, ta wurin wanda yake ƙarfafa shi. Koya ya ce ya yi, wato abin ba halin haihuwa ba ne, kuma ya haɗa da ƙoshi, domin mai samu ma yana rasa wadar zuci. Aya ta 13 da ake ɗauka kirarin cin nasara, a cikin zancen yunwa aka rubuta ta. Da Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, maganar ba ta zo baƙuwa ba, don maƙwabta Musulmi sun daɗe da sanin ƙana'a.

Sai dai ta sauka a garin kasuwa. Mishan ɗin SIM, ƙungiyar masu wa'azin bishara daga ƙasashen waje, ya soma aiki a Damagaram a 1924, ya zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi a 1927, aka buɗe asibitin Galmi a 1950, da na masu ciwon kuturta a Danja a 1956. A tsakanin nan ne ambaliyar Gulbi ta 1945 ta sa aka tada Maraɗi zuwa tudu, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, alhazan birni suka zama ma'aunin mutum. Arziki a nan bai tsaya ga kuɗi ba, ya haɗa da yawan mutanen da ke ci a hannunka. Masu bi na farko kuwa galibi manoma ne da marasa lafiya da ma'aikatan mishan, kuma koyarwar da suka samu ta fi ƙarfi wajen gudun duniya.

A nan aka yi kuskuren farko. Ɗan mishan mai cewa ka gamsu da kaɗan yana da mota da firji, mai sauraro yana tafiya a ƙasa. Mishan ya fi mai da hankali ga karatun Hausa da makarantun Littafi Mai Tsarki, ya yi jinkirin buɗe lakwal ta Faransanci, alhali ita ce hanyar aikin albashi. Don haka a kunnen mutane da yawa wadar zuci ta koma "zauna inda kake". Wannan ba abin da Bulus ya faɗa ba ne, shi da ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci (2 Tasalonikawa 3:10).

Fari na 1973 da 1974 ya karya gyaɗa. Yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi, ta ƙarasa rumbuna. A lokacin ne Tony Rinaudo na SIM ya yaɗa sassabin zamani a ƙauyukan Maraɗi, wato barin kututture ya tofo a gona a riƙa gyara masa rassa, alamar cewa ikilisiya ta gane cikin mutum ma aikinta ne. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada dare ɗaya.

Cikin wannan ƙunci wa'azin arziki ya samu kunne. Tushensa Amurka ne, amma Benson Idahosa na birnin Benin ne ya ba shi fuskar Afirka tun shekarun 1970, ya kuma hauro arewa ta kaset da rediyo da bakin matafiya. Tsarinsa mai sauƙi ne: ka shuka iri, wato ka ba da kuɗi, Allah ya mayar maka ninki, a jingina da Malakai 3:10 da Markus 10:30. A yi masa adalci, ya gaya wa talaka cewa Allah bai ƙi shi da takalmi ba, abin da tsohuwar koyarwa ta kasa faɗa da ƙarfi. Ɓarnarsa ita ce ya mai da baikon majami'a jari. Wanda ya sayar da akuya ya shuka, ninkin bai zo ba, sai a ce bangaskiyarsa ce ta gaza, ya rasa akuya ya kuma ɗauki laifi. Markus 10:30 ɗin ma ta haɗa ninkin da tsanani, ana dai tsallake wurin. Taron Lausanne, wato taron shugabannin masu bishara na duniya, na 2010 a Cape Town ya yi watsi da wannan koyarwa a rubuce.

Inda ake gwada wadar zuci da gaske shi ne kaka. Tiya ɗaya ta hatsi wajen kilo 2 da rabi ce, tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. Mutum guda yana cin buhu 2 da ɗan ƙari a shekara, don haka gida mai baki 8 yana bukatar kusan buhu 18, ban da iri. Amma aure da suna da Kirsimeti duk suna taruwa tsakanin Oktoba da Disamba, daidai lokacin da hatsi ya fi arha. Mai gida ya sayar da buhu 5 don gado da katifa da anko, ya dawo kasuwa a Yuli ko Agusta yana sayen tiya-tiya da tsada, wani lokaci da bashin da za a biya da amfanin gona mai zuwa. Shekara ba ta kama ba an riga an cinye ta. Ga gudummawar biki kuma, wadda akan mayar da fiye da abin da aka karɓa, sau da yawa ninki. Adashi ba shi da laifi: mata 10, kowacce jika 2 a mako, mai ɗauka ta samu jika 20. Matsalar tana farawa ne in mace ta shiga adashi uku don kada a ce ɗakin 'yarta bai kai na 'yar wance ba.

Shi ya sa koyarwar da ke tsayawa ita ce mai bin jeri. A auna amfanin gona tun damman na gona. A ware baiko gwargwadon samu, yadda 1 Korintiyawa 16:2 ta tsara, ba da tilas ba (2 Korintiyawa 9:7). A rufe abincin shekara da iri a rumbu, miji da mata su san adadin tare, domin ɓoyon lissafi tsakaninsu ne ke buɗe ƙofar bashi. Abin da ya rage shi ne kuɗin biki, shi zai faɗi girman bikin. Masu cewa ajiya rashin bangaskiya ce suna kafa hujja da wawan mai arziki na Luka 12, wanda ya shirya gina manyan rumbuna don tara hatsinsa, amma laifinsa ba rumbu ba ne, tunda Yusufu ma ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin Masar (Farawa 41:34). Laifinsa shi ne duk lissafinsa "ni" ne da "nawa". Ga ɗan kasuwa mai bi kuwa, 1 Timoti 6:17-18 ba ta ce ya rufe shago ba, ta ce kada ya dogara ga dukiya, hannunsa ya zama a buɗe.

Rufe iyakar Najeriya a 2019 da takunkumin da aka sa wa Nijar a 2023 sun sake matse aljihu, wayar hannu kuma ta kawo bikin Kano da Yamai cikin ɗakin kowace amarya ta WhatsApp. Akwai kuma wani gefe da ba a cika taɓawa a taron dattawa ba. Fastocin ƙauye da yawa da gonarsu suke ci, kuma ikilisiyar da ta fi iya karanta musu 1 Timoti 6:8 takan manta cewa babi ɗaya kafin nan, a 5:18, an ce ma'aikaci ya cancanci ladansa.