Biyan ɗan abin da banki ya ƙayyade ba ya saurin kashe bashin kati

Da yawa a Amurka, har da 'yan uwanmu mazauna can, sun ɗauka muddin suna biyan mafi ƙarancin abin da banki ya nema duk wata, bashin katinsu (credit card, katin da ake sayayya da shi bashi) na raguwa sosai. Ina! A ce ana bin ka dala 5,000, kuɗin ruwa kashi 24 cikin ɗari a shekara. Ruwan wata guda kaɗai dala 100 ne. Ka biya 150, uwar kuɗi ta ragu da 50 kacal. Shi ya sa dokar 2009 ta tilasta wa bankunan ƙasar nuna tsawon lokacin da irin wannan biya zai ɗauka.

Abin takaici, wani yana tara kuɗi a asusu mai ribar kashi 4, katin na cinye shi. Ware ɗan na ko-ta-kwana, sauran ka zuba wa katin da ruwansa ya fi yawa.