Dokar DICON ta 2023: abin da ta sauya a harkar ƙera makamai a Najeriya

A watan Nuwamba na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya rattaba hannu kan sabuwar dokar Hukumar Masana'antun Tsaro ta Najeriya, wato DICON. Dokar ta maye gurbin wadda aka kafa hukumar da ita tun 1964, kuma Babajimi Benson, shugaban kwamitin tsaro na Majalisar Wakilai, shi ya gabatar da ƙudirinta. Abin da gwamnati ke nema da ita shi ne sojan da ke bakin daga ya daina jiran jirgin ruwa daga ƙetare kafin ya samu harsashi.

DICON ba baƙuwa ba ce ga mutanen Kaduna. A Kakuri masana'antarta take, kuma kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ne ya kafa injinanta na farko. Ta yi aiki gadan-gadan lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970. Da yaƙi ya ƙare sai oda ta ja baya, har ta kai masana'antar da aka gina don bindiga ta koma yin kujeru da famfunan ruwa don ta riƙe ma'aikatanta. Daga baya ta ƙera bindigar FAL da lasisin kamfanin FN na Beljiyam, sannan a zamanin Obasanjo ta fito da OBJ-006, mai samfurin AK-47. A Disamban 2019 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da motar sulke mai jure nakiya da aka sa wa suna Ezugwu. Duk da haka, mafi yawan manyan kayan yaƙin ƙasar sayo su ake yi.

Illar wannan ta fito fili a 2014, lokacin da Boko Haram ke karɓe garuruwa a arewa maso gabas. Amurka ta hana a sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila, bisa zargin take haƙƙin ɗan Adam. A watan Satumbar shekarar, hukumomin Afirka ta Kudu suka ƙwace tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 da aka kai can da jirgi don sayen makamai. Jiragen Super Tucano 12 kuwa, a 2017 Amurka ta amince da cinikinsu, amma sai a Yulin 2021 shida na farko suka sauka. Shekara huɗu ke nan ana yaƙi ana jira.

Abubuwa huɗu sabuwar dokar ta tanada. Ta ba DICON ikon kafawa da tafiyar da rassa da masana'antun makamai, tun daga ƙerawa da ajiya har zuwa lalata waɗanda suka tashi aiki. Ta samar da cibiyar bincike da bunƙasa fasahar kayan tsaro. Ta ɗora tsarin sa ido kan ƙera kayan tsaro da rarraba su da adana su a faɗin ƙasa. Sannan ta buɗe ƙofa ga jarin 'yan kasuwa, ta yadda kamfani mai zaman kansa zai iya zuba kuɗi a bincike da ƙira tare da hukumar.

Na ukun da na huɗun su ne sabon abu na gaske. Kafin dokar ma akwai kamfanonin cikin gida a fagen, irin su Proforce da ke Jihar Ogun mai ƙera motocin sulke, sai dai ba wata doka guda da ta fayyace matsayinsu. Yanzu an samu wurin da za a nufa. Amma akwai abin dubawa a nan: hukumar da ke ƙera kaya tana sayarwa ita ce kuma ke sa ido kan masu ƙera irin kayanta. Idan ba a raba sashen sa ido da sashen kasuwanci rabuwa ta zahiri ba, da ma'aikata daban da lissafin kuɗi daban, ɗan kasuwa zai yi ɗari-ɗari da kai zanen ƙirarsa gaban abokin takararsa. Wannan gyara ne da ya kamata a yi shi cikin ƙa'idojin aiwatar da dokar tun da wuri.

Mu ɗauki harsashi ɗaya mu duba, domin a nan ake gane nisan tafiyar. Sassa huɗu gare shi. Akwai kwanso, wanda akasari ake yi da tagulla, wato haɗin jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30. Akwai ɗan ƙaramin maɗaukin wuta a gindinsa, wanda allurar bindiga ke duka. Akwai albarushin da ke ƙonewa ya tura kan, sai kuma shi kan harsashin, dalma ko ƙarfe da aka yi wa rigar jan ƙarfe. Injin da ke haɗa waɗannan sassa shi ne ɓangare mafi sauƙi. Wuyar tana wajen falankin tagullar da kaurinsa bai saɓa ba, da sinadarin albarushi, da maɗaukin wutar da ke buƙatar masana'antar sinadarai ta musamman. Masana'antar da ke shigo da waɗannan ukun daga waje haɗawa kawai take yi, kuma ranar da mai sayarwa ya rufe ƙofa ko dala ta yi tsada, injinanta za su tsaya cik. Haka zancen bututun bindiga da farantin sulke: ƙarfe ne na musamman, ga shi kuwa masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, da aka fara ginawa tun ƙarshen shekarun 1970, har yau ba ta kama aikin da aka gina ta dominsa ba.

Inganci ma ba abin wasa ba ne. Ana ƙera harsashi rukuni-rukuni, kowane rukuni da lambarsa, a ɗebi samfuri a harba a auna gudu da ƙarfin matsi. Albarushi ya yi yawa, kwanso ya tsage a cikin bindiga. Ya yi kaɗan, kan harsashi ya maƙale a bututu, na bayansa ya fasa shi a hannun soja. Ajiya a ɗaki mai zafi ko damshi tana lalata albarushi a hankali. Hatimin da ake bugawa a gindin kwanso kuma shi ke nuna masana'anta da shekara, don haka idan aka tsinci kwanso a dajin Zamfara, da shi da rajistar rukuni za a iya bin sawu a gane daga rumbun wa ya fito.

Sai batun yawan samfura, wanda ke cin shirin yaƙi ta ƙarƙashin ƙasa. Harsashin FAL 7.62x51 ne, na AK-47 kuwa 7.62x39. Faɗinsu ɗaya a suna, amma wannan ba ya shiga bindigar wancan. A sama ma haka abin yake: jiragen yaƙi Alpha Jet na Faransa da Jamus, JF-17 daga Pakistan, Mi-35 daga Rasha, T129 daga Turkiyya, ga tankokin VT-4 daga Chana a ƙasa. Kowane samfuri da nasa kayan gyara, da nasa makanikai, da nasa littafin aiki. Jirgin da ke fake yana jiran safaya yana cikin lissafin kadara, amma ba ya cikin lissafin yaƙi. Shi ya sa a ganina fifiko na farko ga masana'antun gida shi ne harsashi, kayan gyara, rigar sulke, hular kwano, takalmi da gyaran motoci, kafin a kai ga mafarkin tanka. Sojojin ruwa sun nuna amfanin hawa mataki-mataki: jiragen ruwa NNS Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a 2021, duk a Legas aka gina su.

Babu masana'antar da za ta rayu ba mai saye, kuma mai sayen makamin yaƙi a ƙasar nan ɗaya ne tal, wato gwamnati. Ɗan kasuwa ba zai ci bashin banki ya sayo inji ba sai ya ga kwangilar shekaru da tabbacin biya kan kari. Kasafin Najeriya na shekara-shekara ne, sakin kuɗin manyan ayyuka kuma yakan makara. Ga wata matsala: sashe na 15 na dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ya cire kayan tsaro na musamman daga ƙa'idojinta, sai in shugaban ƙasa ya amince a bi su. Sirri yana da hujja a wasu sayayya, amma a inuwarsa ne dillalan shigo da kaya suka daɗe suna cin kasuwa, kuma ribar dillali tana cikin shigowa da kaya, ba ta cikin ƙera su a Kaduna.

Kada kuma wani ya ɗauka dokar ta halasta wa maƙera yin bindiga. Makamai da harsasai da abubuwan fashewa suna cikin jerin abubuwan da tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya. Dokar bindigogi ta 1959 tana nan daram, kuma ƙera bindiga ba izini laifi ne mai kai mutum gidan yari. Shigo da kayan tsaro, har da rigar sulke da jirage marasa matuƙi na musamman, yana buƙatar takardar shaidar wanda zai yi amfani da kayan daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Gwamnan da ke son sayen makami ga 'yan sa-kai ma sai ya bi ta hannun tarayya.

Mai son sanin ko dokar na aiki ya duba wurare uku a duk shekara: nawa aka saki wa DICON da cibiyar binciken daga cikin abin da aka rubuta a kasafi, kashi nawa na harsasan da sojoji da 'yan sanda suka karɓa aka ƙera a gida, da kuma ko an fara samar da tagulla da albarushi a cikin ƙasa. Kwamitocin tsaro na majalisun biyu suna da ikon neman waɗannan alƙaluma a zaman kare kasafi, kuma ɗan majalisar mazaɓarka yana iya tambaya.