Ba a haramta kiret da jarka a Gombe ba, amma akwai inda doka ke kama mutum

Wani saƙon murya na ta yawo a WhatsApp tsakanin masu gidajen burodi da masu injin matsar gyaɗa a Gombe, wai gwamnati ta haramta roba ɗungurungum a harkar abinci, wai jami'an NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, za su shiga masana'antu suna kwashe kiret da baho da jarka. Babu doka mai kama da haka. Labarai biyu ne na wasu wurare aka cakuɗa da wata tsohuwar doka, ita kuwa tsohuwar ta shafe mu ƙwarai.

Na farko daga Legas ya fito. A watan Janairun 2024 gwamnatin jihar ta hana amfani da farar robar nan mara nauyi da masu abinci ke zuba shinkafa a ciki, sannan daga 1 ga Yulin 2025 ta faɗaɗa hanin zuwa kofuna da cokulan roba da siririyar leda. Hukuncin Jihar Legas ne, iyakarsa Legas. Na biyu kuma, a watan Yunin 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a daina amfani da irin waɗannan robobi a ma'aikatu da hukumomin gwamnatin tarayya. Gidan burodin Malam wane a Jekadafari ba ma'aikatar tarayya ba ne. Duka biyun ma robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar suke yaƙa, saboda ita ke toshe magudanan ruwa. Kiret ɗin da ake ɗauko burodi daga bakin tanda zuwa wurin sa leda, a wanke, gobe a sake, ai shi ake so mutane su koma wa. Shi ya sa ma ake ta jan hankalin masu tumatir irin na Dadin Kowa su bar kwandon kaba su kama na roba, don a kwando tumatirin da ke ƙasa yakan dame kafin a isa kasuwa.

Dokar da ta kamata mai sana'ar abinci ya sani ita ce ta hana jabun magunguna da gurɓataccen abincin da aka sarrafa, wadda aka kafa a 1999. Ta hau kan mai yi da mai rarrabawa da mai sayarwa da mai ajiya, har da wanda ya taimaka. NAFDAC, da aka kafa a 1993, ita ke gaba wajen aiwatar da ita.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne ma'anar gurɓataccen abinci. Yawancinmu mun ɗauka sai abu ya ruɓe ko ya yi tsami. A wajen doka ba haka ba ne. Abinci yana shiga wannan layi idan an haɗa shi ko an ɗauke shi ko an adana shi cikin ƙazantar da za ta iya ɓata shi, ko kuma an zuba shi a mazubin da ke ɗauke da wani abu mai cutarwa. Ba sai wani ya ci ya kwanta asibiti ba. Man gyaɗa na iya fitowa daga inji garau, mai ƙamshi, amma da zarar an juye shi a jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko baƙin mai, magana ta canza. Roba tana shan irin waɗannan sinadarai, omo da ruwan zafi ba sa raba ta da su. Haka shuɗin duron da aka sayo na hannu ba a san me ya zo da shi ba, haka bokitin fenti da ake jiƙa ƙullu a ciki.

Akwai kuma ƙazantar da ido ya saba da ita har ya daina gani. Yaron gidan burodi ya dire kiret a ƙasa, inda ake shiga da takalmi, ya ɗauko shi ya ɗora kan wani kiret mai cike da burodin da ba a sa wa leda ba. Gindin na sama ya zauna daram a kan burodin na ƙasa. Ko kiret ɗin da rana ta gasa har ya fara ɓarewa, duk jikinsa zane-zanen wuƙa, gari da mai sun maƙale a ciki sun yi baƙi. Wannan ne abin da mai duba masana'anta zai tsaya a kai. Masu hankali sukan ware launi, ja na ɗanyen kaya, fari na wanda aka gama, baƙi na shara, don ko sabon yaro ba zai haɗa su ba.

Hukuncin fa? Tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko duka biyun. Jami'ai na da ikon kwashe kaya da garƙame wuri, amma ɗauri da wannan tara sai kotu ta yanke. Duk wanda ya tsaya a ƙofar masana'anta ya ce a miƙo masa kuɗin tarar a hannu, a nemi takardarsa. A nan ne ni dokar ke ɗan yi mini wani iri. An yanka wannan adadi tun lokacin da naira ke da ƙarfi. Yau babban kamfani zai biya shi ko a jikinsa, ita kuwa mai ƙuli-ƙuli da ke sayen gyaɗa tiya-tiya a Tudun Hatsi, jarinta kaf bai kai rabinsa ba. Kuma ita ce ta fi faɗa wa jarkar hannu, don sabuwa ta yi mata tsada. A takarda hukuncinsu ɗaya ne da mai buga jabun maganin zazzaɓi.

Mai sayen sabon mazubi ya juya gindinsa. Zai ga lamba cikin 'yan kibiyoyi uku. Lamba 2 da 5 su ne robobi masu ƙwari da aka fi yin kiret da bokitin abinci da su, wasu kuma na ɗauke da hoton kofi da cokali mai yatsu, alamar an yi su don abinci. Sai dai jarkar maganin ƙwari ma sau da yawa lamba 2 ce a gindinta, don haka na hannu a bar shi sai in an san ainihin abin da ya fara ɗauka.