Cire abin kunnen nan kafin ka tayar da babur

Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikina wanke ciwo ne da ɗinki a ɗakin da ake fara kai waɗanda suka yi haɗari, kuma na daɗe ina son yin wannan magana da masu hawa babur, musamman samarinmu da 'yan matanmu masu roba-roba da Lifan. Abin da ya hana ni yin shiru abu ne da nake ta cin karo da shi. A shigo da yaro jina-jina, gwiwa a saɓule, ƙafa a karye, mu zo cire masa riga sai ga igiyar iyafis a wuyansa, ko ɗan ƙaramin nan marar igiya yana maƙale a kunne ɗaya, ɗan'uwansa ya faɗi a titi. Wani lokaci wayar tana aljihu, gilashinta ya tsage, waƙar kuma ba ta daina ba. In ya dawo hayyacinsa ka tambaye shi yadda aka yi, amsar kusan ɗaya ce: "Wallahi ban ji shi ba." Ko kuma: "Kawai ganinsa na yi a gabana."

Ƙanena, yaya za ka ji shi bayan kai da kanka ka toshe kunnenka?

Mai mota yana da ƙarfe kewaye da shi, yana da bel, yana da madubi uku. Kai da ke kan babur ba ka da komai sai idonka da kunnenka, kuma wani abin da zai kashe ka ta baya yake zuwa, inda ido ba ya kai. Tifar yashi da birkinta ya ƙwace, direban yana danna oda tun daga nesa. Tirela in ta taka birki akwai hucin iskar da take yi. Ɗan a daidaita sahu in zai sha gabanka, ƙarar injinsa tana canzawa kafin ka gan shi. Mutanen bakin titi ma suna yi maka ihu, "Kai! Kai mai babur!", kuma sau nawa wannan ihun ya ceci rai. Duk wannan gargaɗi ne da kake samu kyauta, kai kuma ka sa abu ka rufe shi don ka ji waƙa daga gida zuwa kasuwa.

Na san abin da wasu za su ce: ni ba waƙa nake ji ba, karatu ne, ko wa'azi, ko labarai, ko sharhin ƙwallo. Allah ya ba da lada, amma kunnen dai a toshe yake, hankalin kuma ya tafi wani wuri. Karatun yana nan yana jiranka in ka isa. Wasu kuma su ce ai kunne ɗaya kawai na sa. To, ta ɗaya ɓangaren motar ta yi maka alkawarin za ta zo? Sai masu cusa waya a cikin hula, da masu danne ta da kafaɗa wuya a karkace, da 'yan uwana mata da ke soke ta a cikin hijabi su kama hira tun daga ƙofar gida har makaranta. Hannu biyu na kan babur, gaskiya ne, amma mai babur ɗin ba ya nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari da kusan ninki 4, kuma ta ce wayar da ba a riƙe da hannu ba ita ma ba wani sauƙi ta kawo ba. Matsalar ba hannu ba ce kaɗai, hankali ne.

Mafi muni shi ne mai zaro waya ya duba saƙo yana tafiya. Ku yi lissafin nan da ni. In kana gudun kilomita 50 a awa, a kowace daƙiƙa kana cin kusan mita 14. Ka sunkuyar da kai daƙiƙa 2 kawai don ka ga wa ya kira, ka shafe mita 28, tsawon ƙananan motoci wajen 6 a jere, ido a rufe. Wa zai yarda a ɗaure masa ido ya yi wannan tafiyar a titin Zariya ko a shataletalen Ɗangi a Kano? Amma kullum ana yi, ana ganin ba komai ba ne, saboda jiya an yi an tsira.

Ba tsoro nake so in ba ku ba, kuma ba cewa nake a daina hawa babur ba. Na san yadda rayuwa ta zama. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da yawa sun ajiye mota sun koma babur: malaman makaranta, ma'aikata, 'yan kasuwa, har dattawan da rabonsu da hawa tun zamanin Vespa. Babur rufin asiri ne. Shi ke kai yara makaranta, shi ke kai mai ciki awo, shi ke ɗauko buhun masara daga ƙauye. Don haka ne ma abin yake ƙona min rai, domin wanda ake kawo mana a karye, sau da yawa shi ne mai ciyar da gida. Karayar cinya ba ciwon mako ɗaya ba ce, watanni ake yi ba a fita nema, ga kuɗin hoto, ga kuɗin aiki in an tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023, mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara a duniya, kuma shi ne abin da ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29. 'Ya'yanmu ke nan da ƙannenmu.

Wanda kunnensa ke buɗe, kansa kuma ke ɗage, titi yana gaya masa abin da zai faru kafin ya faru. Ku tambayi tsofaffin 'yan acaɓa da suka yi shekaru a hanya da ƙafafunsu lafiya, za su gaya muku ba gaban tayarsu suke kallo ba, can gaba suke kallo. In ka ga mutum a bakin titi ya ɗaga hannu, ka san a daidaita sahun da ke gabanka zai yanko ya tsaya, ba sigina ba komai, to ka rage tun kafin ya yi. In ƙwallo ta gangaro titi, yaro na biye da ita. In akuya ta tsallaka, jira ɗanta. Motar da ke fake a gefe, duba ko da mutum a ciki, domin ƙofa na iya buɗewa a fuskarka, kuma kalli tayarta ta gaba: in ta fara karkacewa, fitowa za ta yi. Bas in ta tsaya sauke fasinja, akwai wanda zai ɓullo ta gabanta da gudu, leƙa ƙarƙashinta za ka ga ƙafafu. Lokacin tashin makaranta, da bayan sallar Juma'a, da dab da shan ruwa a watan azumi lokacin da kowa ke sauri, titin da ka sani ya zama wani titi daban. Duk waɗannan abubuwa ne ƙanana, kuma ba wanda zai lura da su yana tsakiyar hira da budurwa ko yana cinikin kaya a waya.

Sai ƙasan titin kansa. Yashin da ke taruwa a gefen kwalta da kan kwana ya kayar da mutane da yawa, musamman masu ƙananan tayu, domin da ka damƙe birkin gaba a kan yashi sai babur ya zame daga ƙarƙashinka. Da damina, ruwan da ya kwanta ba ka san zurfin ramin da ya rufe ba. Ruwan farko kuma yana taso da man da motoci suka zubar, titi ya yi santsi. Lokacin hazo da ƙura, kai ba ka gani da nisa, mai mota ma ba ya ganinka, nan ne kunne yake zama ido na biyu. A irin wannan lokacin ne kuma za ka ga yaro ya naɗe kai da rawani saboda sanyi, ya sa iyafis a ƙarƙashi, fitila a mace. Haba!

Babbar mota kuwa sai na tsaya a kanta, domin raunukan da take yi su ne waɗanda ba ma iya gyarawa. Direban tirela yana sama, akwai wuraren da ba ya gani sam: dab da gabansa, gefensa, da bayansa. In ba ka hango fuskarsa a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba. In za ta sha kwana, kan motar yakan buɗe waje, sai ka ga kamar an bar maka hanya ta ciki, ka kutsa, alhali tayun baya ta nan za su bi. Wanda ke saurare zai ji ta sauya giya, zai ji hucin birki, zai ji yaron mota yana buga ƙarfe yana ihu. Wanda ya toshe kunne sai dai a ba da labarinsa. Ku bar tirela ta gama kwanarta, minti ɗaya ne.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne cire madubi. A sayi babur sabo fil, kafin a kai shi gida an kwance madubin biyu, wai ya fi kyau, wai madubi na tsofaffi ne. Ka cire madubi, ka toshe kunne, to da me kake sanin abin da ke bayanka? Mayar da shi. In ya fashe sayi wani, bai kai kuɗin allurar kashe zafi da zaren ɗinki ba. Masu babur mai aiki da lantarki kuma ku sani naku ba ya ƙara, mai tafiya a ƙasa ba ya jin zuwanku, tsoho da makaho da yaro duk da kunne suke tsallaka titi. Nauyin lura ya ƙaru a kanku.

In na yi wannan faɗan a gaban 'yan uwan majinyaci, akan ce min, "Malam, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Na yarda da ƙaddara, kuma ba na yi wa wanda ke kwance gori. Amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Kuma ba kai kaɗai ba ne a titin. Yarinyar da aka aika sayen ƙuli ka banke ta kana kallon waya, ita wane laifi ta yi? Mun karɓi irin waɗannan yaran, kuma kukan uwa a bakin ƙofar ɗakinmu ba abin da mutum ke mantawa ba ne. Amfani da waya a kan tuƙi laifi ne a dokar hanya ta Najeriya, amma ni ba tarar jami'an kiyaye haɗurra nake jiye muku ba.

Iyaye, ku ma da ku nake. Kun saya wa yaro babur don ya je makaranta, madalla. Ku tsaya a ƙofa ku ga yadda yake fita. In da abu a kunnensa, ku karɓi makullin ranar nan. Matan aure, in kun kira maigida kuka ji iska tana kaɗawa a wayar, ku ce "sai ka sauka" ku kashe, kada ku tsaya lissafin cefane. Mai gidan da ya ba yaro babur yana kai saƙo, daina kiransa kana cewa yana ina, kai ne kake sa shi ɗagawa. Wanda aka goya kuma yana da baki: ka ga direbanka yana latsa waya, ce ya tsaya ka sauka. Ƙafarka ce a waje.

Ga abin da nake roƙo, a gurguje:

- Kafin ka tayar, cire iyafis, kunne biyu, sa waya a aljihun da ba za ka iya zarowa kana tafiya ba.
- Kira ya shigo, bar shi. In ya zama dole, sa sigina, gangara gefe, tsaya cak, sannan ka amsa.
- Madubi biyu, fitilar gaba da ta baya, oda mai aiki. Kafin ka sauya hannu, waiga.
- Hular kwano, a ɗaure igiyarta, kai da wanda ka goya. Tun 1 ga Janairun 2009 aka fara tilasta ta a Najeriya, kuma tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin 100.
- Mata, a tattare hijabi da bakin zani, kada su shiga taya ko sarƙa. Maza masu babbar riga, haka.
- Ba ƙwaya, ba maganin mura mai sa barci, sannan a hau babur.

In kuma abin ya riga ya faru, don Allah a daina ciccibar mutum a jefa shi a bayan a daidaita sahu wuya na lilo. In yana kukan wuya ko baya, ko ba ya jin ƙafafunsa, a riƙe kansa daidai da jikinsa, a sa shi a kan katako ko wani abu mai faɗi kafin a ɗaga. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Kada a zuba man birki, ko fetur, ko ƙasa a kan ciwo, mu ne muke shan wahalar wanke su, shi kuma ya sha azaba. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa 122 ce. Karaya mai rauni a buɗe asibiti za a fara kai ta, ba wurin ɗori ba, kuma a tambayi allurar tetanus.

Wanda ya bugu a kai, ko da ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce lafiyarsa ƙalau, a sa masa ido kwana biyu, kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. In ya fara amai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi ana tashinsa da ƙyar, ko yana magana ba kan gado, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, a kawo shi a daren nan. Kada a ce bari gari ya waye.