Keɓaɓɓen layin wuta na kayan sauti a gida

Keɓaɓɓen layin wuta waya ce da ake ja kai tsaye daga akwatin rarraba wutar gida zuwa soket ɗin da amfilifaya da sauran kayan sauti za su sha wuta, da bureka (makunnin da ke katse wuta da kansa idan ta yi yawa) tata ita kaɗai, ba tare da wata na'ura ta raba ta da su ba.

Dalilin yin sa yana cikin halin waya. Kowace waya tana ɗan tauye wutar da ke ratsa ta. Idan firji ko injin jan ruwa ya tashi, yakan finciki wuta mai yawa lokaci guda, sai ƙarfin wutar ya ɗan faɗi ga duk abin da ke kan layin, a ji ƙas a lasifika. Raba layi yana rage wannan sosai, ko da yake ba ya kawar da shi ɗungurungum, tunda duk layukan suna haɗuwa a akwati ɗaya.

A Ingila, da Najeriya da ta gaji tsarinta, wutar gida bolt 230 ce mai juyi 50 a daƙiƙa, kuma an saba haɗa wayar tagulla mai kaurin 2.5 mm² da bureka mai amfiya 20 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya ne). A Amurka, inda wutar take bolt 120 mai juyi 60, waya mai lamba 12 a ma'aunin kaurin waya na can ce ke tafiya da amfiya 20. Manyan amfilifaya kan zuƙi wuta da yawa a daidai lokacin kunnawa saboda taransifomar da ke cikinsu, shi ya sa wasu ke zaɓar bureka nau'in C, wadda ba ta katsewa nan take sai wutar ta ninka adadin da aka ƙayyade mata sau 5 zuwa 10. Nau'in B kuwa daga sau 3 zuwa 5 take katsewa.

Ƙugin da ake ji a lasifika ba ya yankewa galibi daga wani wuri yake fitowa: na'urori biyu da wayar sauti ta haɗa, amma wayar ƙasa ta kowacce, wato wayar kariya da ke haɗa jikin na'ura da ƙasa, ta bi tata hanyar daban. Maganinsa a jona su duka a wuri ɗaya. Wasu kan cire wayar ƙasa don ƙugin ya tafi, kuma wannan ganganci ne da kan ci rai, domin ita ce ke sa bureka ta katse idan wuta ta taɓa jikin na'ura. Jan keɓaɓɓen layi aikin ƙwararren mai wayarin ne, wanda zai auna layin kafin a kunna komai.